Furen da Ba Ya Mutuwa

Wani ne, haifaffen birni, bai taɓa riƙe fartanya ba, ya auri wata Khuzaima a Birnin Kudu. Surukinsa Malam Haladu ya yanka masa fili a gefen gonarsa ta dawa ya yi gini. Tun daga nan mutumin naku ya rasa sukuni, shi lallai sai ya yi abin da dattijon zai daina yi masa kallon ragon birni.

Sai ya ce ado zai yi wa iyakar gidan da gonar, furanni reras kamar gidan gwamnati. Ya sayo na farko, rana ta ƙone su. Ya sayo na biyu, awaki suka yi walima. Ya koma wajen mai sayar da fure a fusace.

"Malam, ni fa wanda ba ya mutuwa nake so. Ba ban-ruwa, ba lallashi, kowace damina ya dawo da kansa."

Mai fure ya ce, "Alhaji, in ka samo irinsa, ni ma ka sammini."

Rannan yana kan acaɓa za shi Basirka, sai ya hango wata gonar dawa ta yi jajir da fure mai ruwan hoda, tun daga bakin hanya har inda ido ya tsaya. Ya daki kafaɗar ɗan acaɓa. "Tsaya! Tsaya!"

Mai gonar na zaune a gindin marke ya yi tagumi. Wuta-wuta ce ta cinye masa gona, ciyawar nan da ke tsotse dawa tun daga saiwa, wadda ko yaron goye a ƙauye ya san ta. Banda mutumin naku.

"Baba, wa ya yi maka wannan ado haka?"

"Ado? Jarrabawa ce daga Allah."

"Allah ya jarrabe mu da irinta! Sau nawa kake ba ta ruwa?"

Tsoho ya dube shi sama da ƙasa. "Ko ɗigo ban taɓa ba ta ba."

"Tana dawowa baɗi?"

"Yaro, tun ina da baƙin gemu nake tuge ta ina ƙonawa, ba ta taɓa saɓa alkawari ba."

Mutumin naku ya ji kamar an yi masa bushara da kujerar Makka. "Don Allah Baba, ka sayar mini da iri."

Tsoho ya ga ba wasa yake ba, ya gyara zama. "Sayarwa? Haba, ai mun zama ɗaya. Tuge duka. Sai dai ka sani, ba ta fitowa sai a gindin dawa."

"Faɗuwa ta zo daidai da zama, Baba!"

Ya tuɓe riga ya yini yana tugewa, tsoho na nuna masa inda ya tsallake. Ya cika buhuna, ya shanya a ɓoye, ya sussuke. Da shekara ta zagayo ruwa ya sauka, ya bi kunyoyin surukinsa yana watsawa, ba iyakar kaɗai ba, har tsakiya, don alheri ba ya yawa.

Damina ta yi nisa, gonar Malam Haladu ta yi jajir, dawa kuwa ta tsaya iya gwiwa. Dattijo ya tara jama'a yana salati, yana tambayar wane maƙiyi ne ya yi masa wannan aika-aika. Sai ga mutumin naku cikin babbar riga, baki har kunne.

"Baba, a daina nema. Ni ne. So na yi in ba ka mamaki."

Sai da mutum uku suka riƙe Malam Haladu. Ya ce wallahi yau Khuzaima a gidan ubanta za ta kwana. Aka kira mai unguwa.

Mai unguwa ya ji bayani, ya yi dariya har da share hawaye da bakin rawani. Ya ce, "Haba Malam Haladu, a raba aure a kan fure? Yaron nan da zuciya ɗaya ya yi. Kyauta ce fa, ita kuwa kyauta ba a raina ta. Ni da za a yi mini, godiya zan yi."

Mutumin naku ya durƙusa, ransa ya yi fari tas.

"Allah ya ja zamaninka, na san kai ka san darajar abu. Shi ya sa kai buhu biyu na watsa maka jiya a gonarka ta Surko."