Guɗar Matar Koci

Ba zan taɓa mantawa da satin nan ba, ko da mutanen Fagge za su yi mini alfarma su manta. Kwana shida mijina, Abban Ummi, bai cinye tuwonsa ba. Zai yi loma biyu, sai ya janye hannu ya zauna yana murza gwiwarsa ta hagu, wadda aka yi wa aiki. Ni kuma in ya ƙi ci, sai in ture nawa kwanon.

Shekarunsa na ƙuruciya duk a ƙwallo suka ƙare, yana buga baya, lamba biyar. Katanga ake ce masa tun kafin in san shi, wai ba a wuce shi. Da gwiwar ta tashi daga aiki, wani ƙaramin kulob ya ɗauke shi koci. Ban da ƙwallo bai iya komai ba. Ya taɓa gwada dako a kasuwar Singa, kwana biyu ƙafar ta kumbura kamar tulu. To, bana kulob ɗin ya zo bakin rami. Wasa ɗaya ya rage. In an yi canjaras sun tsira, in an ci su sun faɗa ƙaramin rukuni, kuma shugabanni sun riga sun gaya masa ya nemi wani aikin.

Ni ban san ƙwallo ba. (A aji huɗu na tsaya, kuma ko a can 'yar gala-gala ce sana'ata.) Abin da na iya shi ne guɗa. Duk bikin da aka yi a layinmu ni ake nema, don in na toshe hanci har bakin titi ana ji.

Ranar wasan ya ce in zauna in yi addu'a. Na ce zan je gidanmu a Rijiyar Lemo. Na goya Ummi, na tare ɗan sahu, bakina ya ce filin wasa na Sabon Gari.

A filin maza ne cunkus, mata ba mu fi a ƙirga da yatsu ba. Na rakuɓe cikin magoya bayan kulob ɗinmu, kusa da wani dattijo mai rediyo. Na ce, “Baba, don Allah wace raga muke so ƙwallo ta shiga?” Ya nuna mini ta hagu. Shi ke nan na kafa mata ido, don 'yan wasan nan daga nesa duk ɗaya suke a wurina. Ina kallon raga, ina kallon mijina yana ɗingishi a bakin layi, yana ta nuni da hannu.

Da aka tafi hutu na sauka na sami lungu na ba Ummi nono. Na daɗe, don ta ƙi saki. Da na dawo wani ya zaune mini wuri, dattijon ma ban gan shi ba. Na tsaya ina salati.

Ana gab da tashi aka yi bugun kwana. Mutane suka cure a bakin ragar hagu, aka yi tsalle, sai ga ƙwallo ta kaɗa zare. Jama'a, ban san lokacin da na toshe hanci ba. Na rangaɗa guɗar da ko a bikin ƙanwata ban yi irinta ba. Na ja numfashi na ƙara.

A ta biyun ne na lura ni kaɗai ce. Na kusa da ni ya ɗora hannu a ka. Wani yana kuka da hawaye, ƙato da gemunsa. Can sai na ji wata murya a bayana ta ce, “Kai, wannan ai matar Koci ce.” Wayoyi suka taso sama.

Ashe bayan hutu ana juya gida, ragar hagu ta zama tamu. Ba wanda ya taɓa gaya mini.

Kafin magariba bidiyon ya zagaye unguwa, an rubuta a ƙasa wai Katanga ya sayar da wasa, ga iyalinsa nan suna murna. Korar da aka yi masa dama muna tsammaninta. Abin da ba mu yi tsammani ba shi ne wani kulob da ya taɓa yi masa magana ya daina ɗaukar wayarsa.

Da ya shigo gida na durƙusa ina jiran faɗa. Bai yi ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, “Maman Ummi, da kin tambaye ni.” Ya cire usur ɗinsa daga wuya ya miƙa wa yarinyar ta yi wasa da shi.

Yanzu yana auna yadi a shagon abokinsa a Kwari. In ya wuce majalisa, akwai mai toshe hanci ya yi masa 'yar siririyar guɗa. Ba ya waiwayawa. Ni kuwa an yi biki uku a layinmu, na ce maƙogwarona ke ciwo. Na dai koyi cewa kafin ki buɗe baki, ki fara duba fuskar na kusa da ke.

Roƙona ɗaya ne. In bidiyon yana wayarka, ka goge. In kuma ka san wani mai kulob, ka gaya masa Katanga bai sayar da komai ba. Matarsa ce ba ta san ƙwallo ba.