Rasuwar Mai Ido Ɗaya da Hoton da Inna Ke Jira

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan uwa, abokan aiki da ɗaukacin membobin zaurenmu na masu ɗaukar hoto don sha'awa, rasuwar kamarata, wadda aka fi sani da Mai Ido Ɗaya. Rai ya yi halinsa ranar Lahadin makon jiya a falon mahaifiyata, marigayiyar tana bakin aiki. Shekararta goma sha ɗaya a hannuna, ban da waɗanda ta yi a hannun mai ita na farko. Ban san ta cika ba sai washegari. Inna kuwa har yanzu ba ta sani ba, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta wannan sanarwa ya kame bakinsa zuwa Asabar.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba ta da yawan surutu. Idan na kunna ta sai ta ce "ziit", idan na danna ta ce "ƙyas", iyakar maganarta ke nan. Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, don haka rabin rayuwarta a jakata ta yi shi, tsakanin takardun jarrabawa da ƙurar alli, ba ta taɓa ƙorafi ba. Ita ta koya mini tsayawa in kalli abu. Da ita na ɗauki ruwan sama yana gangarowa a gilashin ofishin malamai, da hannun telan layinmu yana laluben kafar allura, da magen da ke kwana a kan katangar makaranta kamar gadon ubanta. Matata takan ce da zan dube ta rabin yadda nake duban magen nan, da ta gode Allah.

Membobin zaure shaida ne a kan halinta. Asabar ɗin farko ta kowane wata muna taruwa a ɗakin jiran Likitan Haƙori bayan ya tashi aiki, mu jawo kujeru, mu haska hotuna a bango, kowa ya sha suka daidai gwargwado. Shugaba, tsohon safiyo, yakan tashi da rularsa ya aza a bango ya nuna maka inda hotonka ya karkace. Mai Tsuntsaye kuma ba ya yabon hoton da babu fiffike a ciki. A wannan ɗaki Mai Ido Ɗaya ta sha fitar da ni kunya a gaban masu sababbin kamarori.

A nan kuma aka ƙulla ajalinta. A taron watan jiya Shugaba ya ce mun lalace: mutum ya danna, ya duƙa ya leƙa allon bayan kamara, ya danna, ya sake leƙawa, kamar kaza tana tsattsagar tsaba. Ya ce gwani ya san abin da ya ɗauka tun kafin ya gani. Aka yanke cewa wata guda cur kowa zai liƙe allon kamararsa da baƙin salatif, ba duba hoto sai an koma gida an sa a kwamfuta. Ni na fara ɗaga hannu. Ni na kawo salatif ɗin ma.

Ana cikin watan sai Yaya Babba ya zo. Shekara tara rabonsa da gida, aiki ya riƙe shi a nesa, kuma kwana huɗu kacal aka ba shi. Dalilin zuwansa idon Inna ne. Na hagu ya daɗe da tafiya, na dama yana bin sahu, likita ya sa ranar Litinin mai zuwa za a yi mata aiki, kuma bai ɓoye mana ba cewa ana iya dacewa, ana iya rashin dacewa. Inna ba ta nemi komai ba sai abu guda: hoto babba, ita da 'ya'yanta bakwai da jikoki, a sa a firem ta kalle shi da idonta kafin a shiga da ita.

Na ce wannan aikina ne. Na iso da jakata da ƙafa uku, wato abin ɗora kamara, na matsar da kujeru, na yaye labule don hasken la'asar ya shigo. Sai na ga kowa ya zaro waya. Raina ya ɓaci. Na ɗauko faranti na bi kowa na karɓe wayarsa, na aza a kan firiji, na yi musu lacca cewa waya ba kamara ba ce, kuma idan kowa yana kallon tasa, idanu za su warwatse a hoton. Duk suka ba ni, har Yaya Babba. Yaya Nas kaɗai ta hana, ta ce ana iya kiranta daga asibitin da take aiki. Ina can bayan ƙafa uku ina saita ido sai na hango ta ɗaga wayar sama, ta juya wa jama'a baya tana murmushi, za ta ɗauki kanta da su. Na daka mata tsawa a gaban 'ya'yanta, na faɗi maganar da ƙani bai kamata ya faɗa wa yayarsa ba. Ta sauke hannu, ta sa wayar a aljihu. Tun ranar ba ta ɗaga kirana ba.

Marigayiyar ta yi aikin ranar ba alamar ciwo. Sau ɗari biyu da goma sha biyu ta ce "ƙyas". Yanzu da nake tunawa, muryar ta ɗan shaƙe, tana cewa "ƙyas-ƙit", amma na ɗauka tsufa ne. Sau biyu babban yatsana ya kai kan salatif ɗin, sau biyu na tuna rular Shugaba na janye. Na saita ta ta ƙirga daƙiƙa goma, na ruga na tsaya a bayan Inna, muka yi haka har sau takwas. Inna ta yi dariya har da hawaye. Da asubar Litinin Yaya Babba ya kama hanya.

Da hantsi, a ofishin malamai, na sa memori a kwamfuta. Hoton farko baƙi ƙirin. Na biyu ma haka. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, gumi yana bin bayana, malamin tarihi yana tambayata ko lafiya. Babu komai sai siririn layin haske a can ƙasan kowane hoto, faɗinsa bai fi yatsa biyu ba.

Na garzaya da ita wurin mai gyara, a shagonsa da ke ƙarƙashin matakala. Ya buɗe cikinta, ya haska, ya nuna mini wani ɗan labule da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da aka danna. Ya karye ya maƙale, ƙara kawai take yi. Ya ce irinta an daina yi, kayanta sai dai a mafarki. Sannan ya kai farce ya ɓare salatif ɗin, ya dube ni.

"Malam, wa ya rufe mata fuska? Ai da ka leƙa sau ɗaya, da ka gani tun hoton farko."

Ina so a shaida cewa ban riƙe marigayiyar da komai ba. Ta yi ta nuna mini halin da take ciki, ni na toshe mata baki.

Yau kwana goma ina yi wa Inna ƙarya. Na ce ana wankewa. Na ce mai firem ya yi tafiya. Ta sa Auta ya sauke agogon bangon falo, ya buga sabuwar ƙusa daidai inda take gani daga kujerarta. Jiya da na je gaishe ta, ta kama hannuna ta ce:

"Ka ce musu su hanzarta, ɗan nan. Hasken raguwa yake yi."

Na ce to, Inna.

Marigayiyar ta bar batir biyu, caja ɗaya, igiyar wuya da ta sha gumi, ƙafa uku wadda ɗaya ke ɗingishi, da hotuna sama da dubu arba'in, cikinsu har da na magen nan guda ɗari shida. Ta kuma bar aikinta na ƙarshe, wato layin hasken nan. Na buɗe shi da girma na duba. Ƙafafu ne a kan darduma: na Inna a tsakiya cikin safa, na Yaya Babba, na jikoki ƙanana a gaba, da tawa guda ɗaya ta yi dishi-dishi don ina gudu. Babu fuska ko ɗaya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe biyu a ɗakin jiran Likitan Haƙori. Za a naɗe ta a tsummanta na goge ido, a sa ta a jakarta, a ajiye a saman kabad. Ana roƙon Shugaba ya bar rularsa a gida, kuma kowa ya ɓare salatif ɗinsa kafin ya shigo. Ba za a yi zaman makoki ba, domin da ƙarfe huɗu zan wuce gidan Inna da hoton ƙafafu, in durƙusa in faɗa mata gaskiya, saura kwana biyu a shiga da ita.

Masu son yin ta'aziyya su riƙe abinsu, mutum ɗaya nake nema. Yaya Nas, na san kina karantawa. Na yi miki laifi a gaban 'ya'yanki, kuma zan zo har gida in ba ki haƙuri, da hoto ko babu. Ban sani ba ko kin riga kin danna kafin in yi tsawar. Idan kin danna, don girman Allah ki turo mini kafin Asabar, ko ya karkace, ko rabin fuskarki ya cika shi. Na san ba na ciki, ina can bayan kamara ina faɗa. Ki turo haka nan.