Darakta da Babbar Nahiya

Allah bai yi wa zamaninmu rowar manyan mutane ba, tunda Ya ba mu Darakta. Idan ya zauna gaban kwamfuta, kai ka ce jirgin sama zai tayar. Sai ya gyara tabarau, ya lanƙwasa yatsu, ya yi gyaran murya, sannan ya aiko mana da saƙon murya wanda za ka ci abinci ka wanke hannu bai gama gaisuwa ba.

Mu 'yan kwaskwarima ne. Akwai wani tsohon wasan kwamfuta na tuƙin manyan motoci, kamfanin da ya yi shi ya daɗe da mantawa da shi, mu muka ƙi mantawa. Kowa yana ƙara masa abin da ransa yake so, ya saki kyauta. Tela yana zana wa direbobin wasan riguna. Nas, idan ta tashi daga asibiti, tana naɗar ƙarar hon da ta birki. Mai gyaran waya ya zuba shanu masu tsallaka titi. Ni kuwa, duk karatun da iyayena suka sha wahala suka ba ni, ramuka nake haƙawa a kwalta, kuma ina alfahari da su.

Darakta bai taɓa ƙara ko fitilar mota ba. Ya ce shi aikinsa hangen nesa.

Wata Asabar ya tara mu a bayan shagon fotokwafi. Shagon na yayarsa ne, amma shi hedikwata yake kiransa. Ya hau kan kwalin takarda ya ce, "'Yan uwa, har yaushe za mu zauna muna tsinte-tsinte? Wannan da saniyarsa, wancan da raminsa! Tarihi ba ya tuna ƙananan abubuwa. Mu haɗa ayyukanmu mu gina abu guda, Babbar Nahiya. Birane, teku, duwatsu, gadoji! Kamfanin da kansa zai zo ya durƙusa mana."

Nas ce kaɗai ta ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, mutane fa suna jin daɗin ƙananan nan. In babban ya rushe, da kayan kowa zai rushe."

Darakta ya dube ta da tausayi, nan take ya naɗa ta Babbar Kwamishinar Sauti. Sai ta tambaya ko za a rubuta hakan a ƙarƙashin hotonta. Tela ya zama Shugaban Hukumar Sutura. Ni aka ba ni Ministan Hanyoyi, kuma ranar ko tafiyata zuwa gida sai da ta canja.

Dokar farko, kada wanda ya sake sakin komai sai Nahiya ta kammala. Muka shafe watanni muna taro a kan launin tambari. Masu buga wasan suka yi ta tambaya ina sababbin shanu, ina sababbin ramuka, da suka gaji suka watse. Tela da mai gyaran waya, waɗanda tare suka tashi tun suna yara, suka daina gaisawa a kan sunan wa zai riga fitowa. Duk wannan Darakta ya kira shi naƙudar babban aiki. Yana cikin faɗin haka yayarsa ta leƙo ta ce, "Auta, in ka gama mulkin duniya, takarda ta maƙale a inji."

Kada a ce bai yi komai ba. Ya ari kwat a wurin Tela, ya tsaya gaban kyamara ya naɗi jawabin buɗewa, ya sa aka liƙa shi a bakin wasan, babu madannin tsallakewa. "Wanda ba zai iya sauraron jagora ba," in ji shi, "bai cancanci riƙe sitiyari ba."

Ranar ƙaddamarwa muka jera kujeru, muka jona babban allo. Darakta na allo yana jawabi, Darakta na zahiri yana tsaye a gefe yana gyaɗa masa kai. Da ƙyar aka kai ƙarshe, wasan ya buɗe. Sai ga shanu sanye da rigunan direbobi, direbobin kuma tsirara. Ka taka birki, hon ya yi ƙara. Ramukana, da na zurfafa su don su dace da matsayin minista, suka haɗiye motar farko, suka bi da gadar, suka bi da rabin birnin.

"Wannan," in ji Darakta, "shi ake kira sabon salo."

Muka koma muka yi ta faci har Nahiyar ta tuƙu, wasu daga cikin waɗanda suka watse suka dawo. Sai wani da ba mu sani ba ya saki 'yar kwaskwarima, ƙarama ƙwarai, aikinta ɗaya tak: tana cire jawabin Darakta. Kafin mako ya zagayo, masu sauke ta sun ninka masu sauke duk abin da muka taɓa yi a rayuwarmu. Muka yi tir da ita a zauren hira da kalmomi masu zafi. Ni na fi kowa zafi, don tun ranar da ta fito na saka ta.

Darakta ya kira taron gaggawa. Ya ce an ci amanar tarihi, kuma duk wanda ya saka abin nan ba ɗan Nahiya ba ne. Don mu san girman abin da aka raba jama'a da shi, ya ce yanzu za mu sake sauraron jawabin daga farko, a tsaye. Muka miƙe. Ya jona tasa kwamfutar da babban allo, ya danna.

Wasan ya buɗe kai tsaye a kan titi, inji yana ruri, saniya tana tsallakawa.

Duk muka juya muka dubi Darakta. Can Nas ta ce a hankali, "Ranka ya daɗe, har da kai?"

Darakta ya gyara tabarau. "Ni ai na riga na haddace shi."