Fuskar Kawu a Bangon Taro

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da ƴan kasuwar wake da aya suka yi taro a Mayahi. Ko yanzu in ina kan moto ni kaɗai abin ya faɗo mini a rai, sai in ji na yi tsaki da ƙarfi, in waiga ko wani ya ji ni.

Ni sana'ata zane ce. Allunan shaguna da yawa a Tasawa aikin hannuna ne, na masu aski, na masu gyaran moto, har da wani zakara da na zana wa mai sayar da kaji, wanda mutane suka daɗe suna gardamar ko zakara ne ko jimina. Daga baya na koyi zane a ordinatar (ƴan uwanmu na ƙetaren iyaka su ce kwamfuta), tun daga nan kaina ya daina shiga hula.

Abokina Sanusi, wanda muke tare tun muna lakwal, wato makarantar boko, ya yi karatunsa na na'ura a Maraɗi. Ya dawo gida da niyyar ƙera wa ƴan kasuwarmu wata aplikasiyo ta aika saƙo, wadda za ta yi aiki ko rezo, wato sabis ɗin waya, ya yi rauni, kamar yadda yake yi da ka nufi wajen Korgom. Ya ce dole ta tashi a kowace irin waya, ta mai hali da ta talaka, ta kuma tashi a ordinatar. Ya gama komai, saura abu ɗaya: imoji, ƴan fuskokin nan da ake liƙa wa saƙo.

Ya zaunar da ni ya nuna mini damuwarsa. Ashe kowace waya da irin nata fuskokin. Ya turo mini murmushi daga tasa, a tawa ya fito kamar mai ciwon haƙori, a ta ƙanwarsa kuwa wani ɗan akwati ne ya fito babu komai a ciki. Ya ce ko dai a bar kowace waya da nata a yi ta samun saɓani, ko kuma a ɗauko jerin fuskoki guda a saka a cikin aplikasiyon, kowa ya ga abu ɗaya. Shi ya fi son a ɗauki masu zagayen nan rawaya da ake bayarwa kyauta, a huta.

Nan na miƙe tsaye (ba wanda ya ce in miƙe) na yi masa doguwar lacca. Na tambaye shi wa ya taɓa gani da fuska rawaya a kasuwar Tasawa. Ina hula? Ina kallabi? Ina wushirya? Na buga ƙirji na ce ni zan zana mana namu, na gida, wanda tsoho a ƙauye zai gani ya gane. Sanusi mutum ne mai haƙuri, ya ce to.

Matsalata ita ce ban iya ƙirƙiro fuska daga kaina ba, sai wadda na gani. Fuskar dariya na ɗauko ta daga Habu mai shayi na bakin tasha. Ta mamaki daga wata maƙwabciyarmu. Da na zo kan fuskar barci kuwa, hannuna bai ma yi shawara da ni ba, ya zana Kawu.

Kawu Alhaji Idi yayan mahaifiyata Binta ne, kuma shi ne shugaban ƙungiyar ƴan kasuwar da muke so su karɓi aikinmu. Mutum ne mai kwarjini, in ya yi gyaran murya a zaure har manya sukan gyara zama. Amma da an fara dogon jawabi a taro, sai kansa ya karkata hagu, hula ta zamo ta rufe ido ɗaya, baki ya ɗan buɗe, tasbaha tana reto a yatsa. Kowa ya san da wannan, kowa kuma yana yi kamar bai gani ba. Ni kuma na zauna na zana shi tsaf, har da ɗan tabon da ke saman girarsa, ina dariya ni kaɗai kamar wanda ya zautu.

Na kwantar wa kaina da hankali da cewa imoji bai fi ƙwayar wake ba, wa zai gane? Na makara wajen kai aikin, sai ana gobe taro na ba Sanusi. Ya saka su a gurguje, ya duba a wayarsa, ya ce sun yi kyau, bai lura da komai ba. Ya roƙe ni in tsaya mu gwada a ordinatar, na ce masa aikin gwani ba ya buƙatar gwaji, kuma ina da riga wurin mai guga.

Washegari muka isa Mayahi, ni cikin shaddata mai sheƙi. Ɗakin taro ya cika, an zo daga Tasawa, daga Korgom, daga ƙauyukan kewaye. An haɗa ordinatar Sanusi da na'urar nan mai haska hoto a bango. Kawu yana kujerar gaba, a tsakiya, inda kowa ke ganinsa. Sanusi ya tashi ya fara bayani, kuma Allah ya yi shi da son bayani. Ya yi maganar rezo, ya yi maganar batir, ya koma ya sake maganar rezo.

Da ya gama sai ya ce a gwada. Aka miƙa waya ga Hajiya Rabi, wata babbar ƴar kasuwar aya da ba ta tsoron kowa, aka ce ta aika saƙo, za a gani a bango. Ta ce ita ba ta da haƙurin rubutu, sai ta danna fuskar farko da ta gani.

Abin da ban sani ba (Sanusi ya rantse ya faɗa mini, mai yiwuwa ina tunanin rigata a lokacin) shi ne in aka aika imoji shi kaɗai babu rubutu, a ordinatar yakan fito da girma. Ga kuma na'urar bango ta ƙara masa. Sai ga Habu mai shayi ya cika bangon, wushiryarsa kamar ƙofar gari.

Wani mutumin Tasawa ya gane shi ya faɗi sunansa, ɗaki ya ɗauki dariya da tafi. Aka tambayi wa ya zana, Sanusi ya nuna ni. Jama'a, na ji daɗi. Na miƙe na ɗaga hannu dama da hagu kamar mai neman kujerar depite a majalisa. Daɗin ya kwashe ni har na ɗaga murya na ce, “Hajiya, ci gaba da dannawa, akwai waɗanda suka fi wanga.”

Ina komawa kujera na tuna. Ai fuskar Kawu tana cikinsu. Na shiga yi wa Hajiya Rabi alama da hannu ta tsaya, ita kuwa ta ɗauka ƙarfafa mata gwiwa nake yi, ta gyaɗa mini kai tana murmushi, ta danna.

Kawu ya bayyana a bango. Kai a karkace, hula a kan ido ɗaya, baki a buɗe, tasbaha a yatsa, tabon gira ya kai girman faifai. Na ga kawunan mutane suna juyawa a hankali daga bango zuwa kujerar gaba. Bayanin Sanusi ya riga ya yi aikinsa: Kawu yana nan zaune yana sharar barci, kai a karkace, hula a kan ido ɗaya, babu abin da ya bambanta shi da na bangon sai numfashi.

Hajiya Rabi ce ta fara ƙyalƙyalewa, daga nan ba a iya tsayar da kowa ba. Dattawa masu furfura suna rufe baki da hannun riga, kafaɗu suna rawa. Wani ya fita waje a guje don ya yi tasa a sake. Sanusi ya ruga ya fizge wayar lantarki don ya kashe hoton, ashe ta fanka ya fizge, hoto yana nan daram, zafi kuma ya ƙaru.

Dariyar ce ta tashi Kawu. Ya gyara hula ya ce yana jinmu, a ci gaba. Sannan ya ɗaga kai ya ga bango. Ya daɗe yana kallo. Bai ma tambayi wanda ya zana ba, domin duk idanun ɗakin suna kaina, ga shadda tana sheƙi, babu wurin ɓuya.

Ya ce, “Kai, ɗan Binta, wane ne wanga?”

Da na yi shiru da ya fi mini. Amma bakina ya buɗe da kansa na ce, “Kawu, wani mutum ne na gani a Maraɗi.”

Ya sake kallon bangon, ya ce, “Ikon Allah. Shi ma hulata gare shi, da tabona?”

Ban san yadda aka rufe taron ba. Na dai san na baro Mayahi ban yi sallama da kowa ba, kuma labari ya riga ni isa Tasawa. Na tarar da mahaifiyata tana jirana a tsakar gida. Ta yi mini faɗa sosai, ta ce na kunyata yayanta a gaban mutane, gobe da sassafe in je in ba shi haƙuri. Sai dai tana faɗan tana jan mayafi tana rufe baki, sau da yawa kuma maganar takan tsinke mata a tsakiya.

Da safe na je na durƙusa a zaurensa. Ya bar ni a durƙushe har ya shanye kununsa. Sannan ya bayyana mini cewa shi ba ya barci a taro, lumshe ido yake yi don ya ji magana da kyau. Na ce haka ne, Kawu. Ya ce kuma hancinsa bai kai wanda na zana ba. Na ce haka ne, Kawu. Ya ce aikin Sanusi yana da amfani, ƙungiya za ta karɓa, amma da sharaɗin a cire fuskar duk wani ɗan Adam da aka sani, a sa waɗancan rawaya. Da na kai wa Sanusi saƙon kallona kawai ya yi, kuma kallon ya fi zagi ciwo.

Ina fitowa daga wurin Kawu a ranar, matarsa Inna Hajiya ta yafito ni daga ƙofar madafa. Na ɗauka wani faɗan ne, na sunkuyar da kai. Sai ta leƙa ta tabbata ba ya kusa, ta rage murya ta ce, “Ka turo mini hoton nan a wayata. Shekara da shekaru ina faɗa mishi yana barci, yana musu.”

Na koyi cewa duk abin da na zana ƙarami, in fara kallonsa da girma kafin jama'a su kalla, kuma in gwada shi a kowace na'ura ko da riga tana wurin mai guga. Akwai darasi na biyu, wato in fita harkar fuskar manya gaba ɗaya. Wannan kam da alama bai shige ni sosai ba, domin kafin in kai bakin titi na tura wa Inna hoton.