Yadda Za Ki Sa Tsibiri Duka Ya Gamsu da Asibitinki

Mereoni 'yata, an ba ki ƙaramin asibitin tsibirinmu, kuma ofis na son ganin inganci ya ƙaru. Kwantar da hankalinki. Ki bi ni sannu a hankali, na yi miki alkawarin maki ɗari bisa ɗari ba tare da kin warkar da kowa ba.

1. Kashe lokacin jira

Ofis na fara lissafin jira ne daga sa'ad da mara lafiya ya hau benci. Mutanenmu kuwa ba sa hawa benci alhali babba na ƙasa. To, tun da safe ki shimfiɗa wa Bubu Salanieta, tsohuwar nan mai ciwon suga da gyambo a ƙafa, tabarma a baranda. Kowa zai zauna ƙasa har rana ta karkata. A takarda, ba wanda ya jira.

2. Yi tambaya a gaban jama'a

Ki ɗaga murya: "Bubu, kin gamsu da aikinmu?"

Za ta ce, "Ke ja'ira, ni na yanke miki cibiya, ni kuma zan kunyata ki gaban surukanki? Rubuta na gamsu. Ƙafar ce dai ta fara wari."

Rubuta rabin farko. Wari ba shi da gurbi a takarda.

3. Kada ki kwance bandeji

Abin da kika gani dole ki ƙirga shi. Ki ɗora sabo fari tas a kan tsohon.

4. Karrama mai duba aiki

In ya iso daga Suva, babban birni, dattawa su tarbe shi da kava, abin shanmu na gargajiya mai kashe jiki. Kafin ƙoƙo na uku harshensa ya yi nauyi. Wanda ya sha da ku kuwa ba ya leƙa ƙafar kowa.

5. Ki yi haƙuri

Ranar da kwalekwale zai ɗauki Bubu zuwa babban asibitin Suva, ta fita daga lissafinki. Masu gyambo sun ragu. Wannan shi ake kira ci gaba.

In ta dawo da sanda, ki sake tambayarta.

"Na gamsu mana, 'yar nan," za ta ce. "Ga ɗaya ƙafar ma, in kin samu lokaci."

A kula: ni malama ce kawai. Takardar yabo taki ce, ki rataye ta a bango. Ƙafar da aka bari a Suva kuwa, kada kowa ya zo nemanta a wurina.