Ranar da Aka Yabi Rijiyata

Tsufa ya ɗauke mini abubuwa da yawa, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yabi rijiyata a gaban jama'a ba. Ni da ake tsoron idona a unguwarmu ta wajen Dudunni, ni da baƙo ba ya shiga lungunmu ban san ɗan gidan wa ne ba, ranar na rasa inda zan sa fuskata.

Duk damina yaranmu sai su kama gudawa su rame, a sha magani a warke, a sake komawa. Sai mai unguwa ya sanar cewa masana za su zo daga birni su gano dalili. Na ji, amma hankalina yana kan jikata Rabi, marainiyar da na raina tun tana goye. Wani malamin makaranta daga Kankiya ke nemanta. An kawo gaisuwa, saura danginsa su bincika gidanmu kamar yadda aka saba kafin a sa rana.

Masanan sun fara da gidan maƙwabciyata Tasalla, ni kuma na kasa kunne ta danga. (Ba gulma ba ce, lura ce.) Likita yana tambayar wa ke yawan ciwo a gida. Malamin gona yana son ganin abin da ke rumbu. Wani saurayi yana karɓar ruwan rijiya a kwalba. Wata Malama Hadiza kuma tana tambayar wa ke girki, wa ke fara ci, ina ake wanke tukwane.

Ban yi boko ba, amma na aurar da mata, na san tambayoyin surukai. Mai neman dalilin gudawa me ya kai shi rumbu? Ciwon dangi, abincin gida, tsafta, girki. Na ce a raina mutanen Kankiya sun ci gaba, a da tsohuwa ɗaya ake turowa da tallan daddawa, yanzu mota guda. Zagayen sauran gidajen kuwa don a rufe mini ido ne.

Kafin su iso na shirya. Matar ɗana Lami, wadda yaronta ke fama da gudawar, na tura ta gaida iyayenta a Bauranya. Wakenmu ƙwari sun gama da shi, sai na aro na Tasalla mai kyau, wanda take rufewa a jarka. Da suka zo na ce maza ba su shiga gidana, su tsaya a zaure, Malama kaɗai ta shigo. Na kawo wa malamin gona waken Tasalla a ƙwarya. Na karɓi kwalbar saurayin, na wuce rijiyar da ke jikin garken awaki ko kallonta ban yi ba, na cika masa da ruwan famfon burtsatse da muka saya. Likita kuwa na ce masa mu a zuriyarmu ko mura sai mun ga dama. Na raka su da albarka, ina jin daɗin kaina.

Bayan kaka aka tara mu a filin firamare. Su huɗun suka zauna teburi ɗaya, kowa ya ɗora a kan maganar ɗan'uwansa. Saurayin nan mai gwada ruwa ya ce idan an yi ruwan sama, ƙazantar garke da ta shadda na gangarawa rijiyoyi. Malamin gona ya ce a daidai lokacin rumbuna sun yi ƙasa, ƙwari sun cinye waken da zai riƙe yara. Malama ta ce a lokacin ne kuma iyaye mata ke kan aiki, yara na shan kokon da ya wuni a buɗe. Likita ya ce shi ya sa maganinsa kaɗai bai taɓa isa ba. Ina sauraro, ina jiran in ji sunan Rabi. Ba wanda ya ambace ta.

Sai likita ya ce akwai gida ɗaya da ya ba su mamaki, babu ciwo, babu ƙwari, ruwa garau. Ya juyo gare ni. "Inna, ki taso ki koya wa mata abin da kike yi."

Aka tafa mini. Na miƙe da sandata.

Mai ruwa ya ce cikin ladabi shi abin da ya ɗaure masa kai, Malama ta gaya masa rijiyata na manne da garke, amma ruwanta iri ɗaya ne da na burtsatse. Malamin gona ya ce shi ma waken da na ba shi bai yi kama da wanda ya kwana a rumbun ƙasa ba. Likita ya leƙa bayana inda Lami ke zaune da goyo, ya ce wannan yaron kamar ya duba shi a asibitin Kusada. Duk ba da mugunta ba, su dai haɗa bayanansu suke yi. Tasalla ce ta ƙarasa ni, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Inna, in an gama yabon, a maido mani wakena."

Har mai unguwa sai da ya rufe baki da hannun riga. Na ce, da muryar da ban san ina da ita ba, na zaci daga Kankiya aka turo su. Malama Hadiza ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa. Rabi ta ja mayafi ta bar wurin.

Abin da ya hana ni cin abinci ba dariyar ba ce. Labari zai kai Kankiya cewa kakar yarinya maƙaryaciya ce, na ɓata auren da nake ƙoƙarin gyarawa. Da aka sake gwada ruwana na gaskiya kuma, ya fi na kowa ƙazanta, shi jikana ke sha. Na sa aka matsar da garken, aka ɗaga bakin rijiyar da siminti. Waken bana a jarka yake.

Ashe dangin ango sun gama bincikensu tun kafin damina. Liman da Tasalla suka tambaya, ta faɗi komai har ƙwarin, ta ƙara da cewa Rabi ba ta da makusa, tsohuwar ce dai sai haƙuri. Aka sa rana.

Na koyi cewa mutum ɗaya ana iya yi masa dabara, amma mutum huɗu masu sana'a daban-daban da ke komawa teburi ɗaya, gara ka ba su ruwan rijiyarka. Ranar biki na miƙa wa gwaggon ango ruwa a kwanon sha. Ta leƙa ciki ta daɗe, sannan ta ce, "Inna, wannan na gida ne ko na baƙi?"