Ranar Da Na Ƙidaya Tsirkiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ƙidaya tsirkiyar jita a gaban jama'a ba, kuma ko ina so in manta, 'yan tashar Magama ba za su bar ni ba.

Ni dillalin kayan gwanjo ne a bakin iyakar Jibiya. Rediyo, fanka, keken ɗinki, injin ban ruwa, duk abin da ya tsallako daga Maraɗi sai ya bi ta hannuna. Kuma na yi suna a kan abu ɗaya: ba a cutata. Tun ranar da wani ya sayar mini da talabijin, na kai gida na buɗe na tarar da bulo biyu a ciki, na daina yarda da ɗan Adam. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. In kaya ya zo, sai na ɗaga na ji nauyinsa, na ƙwanƙwasa, na shinshina (maiɗakina ta ce ko tuwo ta kawo mini sai na ƙwanƙwasa kwanon, amma wannan sharri ne).

Ana nan, sai ɗan yayata Sagir, wanda ke da situdiyon waƙa a Kano, ya bugo mini waya. Ya ce wani tsoho zai zo daga Maraɗi da wata tsohuwar jita, ya ga hotonta a waya, kuma ya riga ya kamo hanya zai zo ya saya. Abin da yake so da ni kawai shi ne in tarbi tsohon, in ba shi ruwa da inuwa kafin ya iso. Da na tambayi farashin da suka yi magana, ya faɗa, sai da na zauna. Kuɗin ya fi duk abin da ke cikin rumfata, har da rumfar. Nan take na yanke hukunci cewa 'yan damfara sun sami yaron nan, kuma Allah ne ya sa yana da kawu irina.

Da hantsi suka iso. Tsohon sunansa Malam Isuhu, dogo, siriri, idanunsa duka biyu sun yi fari da yana. 'Yarsa Rabi ce ke riƙe da hannunsa, ɗaya hannun nata kuma ta rungumo wani dogon akwati da aka ɗaure da igiya. Bayan gaisuwa, Rabi ta ba ni labari: mahaifinta ya yi shekaru yana kiɗa a wata ƙungiyar makaɗa tun yana saurayi, yanzu ido ya rufe. Likitocin ido sun zo Katsina, an rubuta sunansa, gobe da safe ne aikin, in bai kai kuɗin ba za a ba wani gurbinsa. Shi ya sa zai rabu da jitar.

Na gyaɗa kai cikin tausayi, amma a raina cewa na yi: ga tsoho, ga makanta, ga asibiti, ga gaggawa. Labari ya haɗu ya yi kyau, har ya yi yawa.

Na buɗe akwatin. Abu na farko, fenti duk ya ƙoƙe, wajen da hannu ke gogawa har itace ya fito. Na ɗaga, na ji nauyi kamar taɓarya. Na ƙwanƙwasa, ba rami ko kaɗan, alhali ko gurmi da garaya kowa ya san ƙoƙo ne ke ba su murya. Na ja tsirkiya ɗaya, ta yi wani ɗan gurnani da ko kaza ba zai firgita ba. Sannan na ƙidaya tsirkiyoyin. Huɗu. Ni kuwa na taɓa sayar da jita sau biyu a rayuwata, kuma duka shida-shida gare su.

Da mai hankali ne, da sai ya yi tambaya. Ni sai na koma bayan rumfa na kira Sagir, na ce ya juya, ba kaya ba ne, itace ne aka yi wa ado, ko tsirkiyoyinta ba su cika ba. Ya ce, "Kawu, ka tabbata? Na kusa shiga Katsina fa." Na ce shekarata nawa a wannan sana'a? Yaron kirki, ya yarda da ni, ya juya motarsa.

Ban tsaya nan ba, kuma wannan ne wajen da har yau in na tuna nake jin zufa. Nauyin nan ya tsaya mini a rai. A bakin iyaka, abu in ya yi nauyin da bai dace ba, to wani abu aka ɗura masa. Sai na fito na ɗaga murya yadda masu shayi da 'yan kamasho da direbobi za su ji, na ce Malam ya faɗa mana ina ya kai sauran tsirkiya biyu, kuma me ya ɓoye a cikin katakon.

Tsohon bai yi fushi ba. Ya ce, "Ɗana, wagga haka aka ƙera ta. Ba ta magana sai da kuran." Wato sai an sa mata wutar lantarki. Na ce haka mai talabijin ma ya ce mini. Rabi ta dube ni, idanunta sun kawo ruwa. Jama'a suka taru. Ni da ƙafata na je na kira wani hafsan kwastan, wani ƙaƙƙarfan mutum ɗan Jos da muke gaisawa, na ce ya zo ga kaya na kama masa.

Ya zo yana gyara hula. Da ya leƙa akwatin, sai ya tsaya cak. Ya goge tafin hannunsa a wando kafin ya taɓa ta, ya ɗauko ta a hankali kamar jaririya, ya juya bayanta ya karanta wasu lambobi a wani ɗan ƙarfe. Na matsa kusa, ina jira ya ce a kawo sukudireba. Na ma ƙara da cewa ko fenti mai kayan bai iya yi mata ba, in da ni ne da na kai ta wajen mai fentin babur ta fito sabuwa.

Ya ɗago ya dube ni. "Alhaji, da ka yi mata fenti, da ni da kaina zan kulle ka." (Ban taɓa zuwa Makka ba, kuma a yadda ya faɗi Alhajin, ba girmamawa ba ce.) Ashe shi ne ke kaɗa irin wannan jita a cocinsu. Ya yi wa jama'a bayani cewa ita ce ake kira bes, mai babbar murya, kuma tun da aka fara ƙera ta tsirkiya huɗu gare ta. Wannan kuwa ta girme shi, irin wadda aka daina yi, kuma ƙoƙewar fentin nan ita ce shaidar shekarunta, ita masu saye ke nema.

Wani direba daga baya ya ce, "A ƙara ƙidayawa dai, ko biyun sun dawo."

Aka ɗunguma zuwa shagon mai tura waƙoƙi a waya, wanda ke da manyan sifiku. Aka jona jitar. Aka rataya wa Malam Isuhu ita a kafaɗa, bai ko lalubi tsirkiya ba, yatsunsa suka sami wurinsu da kansu. Abin da ya fito ba a kunne na ji shi ba, a ƙirji na ji shi. Kwanon rufin shagon ya ɗauki rawa, kofunan mai shayi suna kaɗawa a kan tire. Da ya tsaya, ni kaɗai ne ban tafa ba, domin ina ta neman lambar Sagir.

A lokacin ne kunyar ta koma tsoro. In yaron nan bai dawo ba, ni na rufe wa bawan Allah ido. Sau uku ina kira bai ɗauka ba. A na huɗu ban yi wani bayani ba, na roƙi Malam ya sake kaɗawa, na kara wayar a jikin sifika. Da na mayar da ita kunne, abin da Sagir ya ce kawai shi ne, "Kawu, tsirkiya nawa ka gani?" Ya iso bayan la'asar, ya biya bai nemi ragi ba. Malam Isuhu ya shafa wuyan jitar tun daga sama har ƙasa kafin ya miƙa ta, sai na kawar da kai.

Ni na kai su Katsina washegari, ba wanda ya sa ni. Ranar da aka cire masa bandeji ina tsaye a bakin ƙofa kamar marar gaskiya. Ya dubi 'yarsa ya daɗe, sannan ya ce ina mai ƙidayar nan? Na matso. Ya ƙura mini sabon idonsa, ya ce, "Ashe idanunka biyu, kuma duk lahiya lau. Ni na zaci kai ma layin likita ka biyo."

Tun daga ranar sunana a tasha ya koma Tsirkiya Shida, har masu kawo kaya daga Maraɗi da shi suke nemana. Na daɗe ina jin ana cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, ban san nawa ko gaskiyar ba zai zama ba. Har yanzu ina ƙwanƙwasa kaya, hali zanen dutse. Amma kafin in tara wa mutum jama'a, sai na fara tambaya a hankali, murya ƙasa-ƙasa, nawa ya kamata su kasance.